Yadda Ake Zaɓen Girman Inji Da Farfela Ga Ƙaramin Jirgin Ruwa

Duk wanda zai rataya inji a bayan ƙaramin jirgi, ko na shan iska ne a madatsar Kangimi, ko na fito a kogin Kaduna, ko na zirga-zirga a tafkin Shiroro, abin da ya fara tambaya shi ne inji mai doki nawa zai saya, wato ma'aunin ƙarfin inji. Ba mai iya ba shi amsa sai an san yanayin cikin jirgin, da nauyin da zai riƙa ɗauka, da tsayin allon bayansa. Ita kuwa farfela ba a gama maganarta a shago. Sai jirgi ya shiga ruwa da lodinsa, an auna juyin inji, sannan a san ko ta dace.

Fara duba cikin jirgin

Jirage iri biyu ne. Akwai mai ratsa ruwa, wanda cikinsa ke nutse a ruwa yana ture shi gefe da gefe komai gudunsa. Kwale-kwalen katako, da jirgin ƙarfe mai nauyi, da jirgin yashi duk nan suke. Akwai kuma mai hawa kan ruwa, wanda idan aka ba shi wuta sai ya ɗaga goshi, ya ɗare saman ruwa, ya miƙe. Yawancin jiragen faiba da na alminiyam masu faɗin baya da shimfiɗaɗɗen ciki irin wannan ne.

Mai ratsa ruwa yana da iyakar gudu, kuma tsawonsa ne ke yanke ta, ba inji ba. Auna tsawon ɓangaren da ke taɓa ruwa da mita, ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawon, ka ninka da 4.5. Abin da ya fito shi ne gudunsa a kilomita cikin awa. Mai mita 9 zai ba ka 3 sau 4.5, wato kilomita 13.5. Mai mita 6 kuwa wajen kilomita 11. Dogon kwale-kwale siriri yakan ɗan zarce wannan lissafi, amma gajere mai faɗi ba ya zarcewa. Da ya kai nan, duk wutar da ka ƙara bayansa kawai za ta danna cikin ruwa, goshi ya tashi, igiyar ruwa ta girma, fetur ya tafi a banza. Shi ya sa ɗora doki 40 a kan gajeren jirgin katako mai nauyi asarar kuɗi ce, kuma haɗari ne, don bayan da ya nutse shi ne inda ruwa ke fara shiga.

Haɗa nauyi, ka fitar da doki

Ɗauki takarda ka rubuta komai: jirgin kansa, inji, fetur, mutane, kaya. A lissafa kowane babba a kan kilo 75. Litar fetur ɗaya kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce. Jirgin katako da ya daɗe a ruwa ya fi sabo nauyi sosai domin katakon ya sha ruwa, don haka kada ka yi aiki da nauyin da kafinta ya faɗa maka ranar da ya gama shi. Kuma ka lissafa lodin da za ka riƙa ɗauka da gaske, har da na ranar kasuwa.

Ga mai ratsa ruwa, doki 4 zuwa 5 sun ishi kowane tan ɗaya ya kai iyakar gudunsa a ruwa mai kwanciya. A ce kwale-kwalen katako ne mai mita 9, nauyinsa kilo 600, fasinja 12 kilo 900, kaya kilo 400, inji da mai kilo 70. Jimla ta kusa tan 2, ke nan doki 10. Sai ka ƙara rabin wannan saboda iska da ƙarfin kogi, ka tsaya a doki 15. Ƙarin yana da dalili. A watan Agusta da Satumba kogin Kaduna na cika yana gudu, kuma duk gudun da ruwa ke yi ana cire shi ne daga naka idan kana hawa. In ruwa na tafiyar kilomita 5 a awa, jirginka na yin 13, to da 8 kake ci gaba. Injin da sai an murɗe masa totur duka yake riƙe wannan gudu ba shi da sauran ƙarfin da zai kauce wa gungume ko ƙafar gada.

Ga mai hawa kan ruwa lissafin daban ne, kuma yana cin doki. Ana bukatar doki ɗaya ga kowane kilo 11 zuwa 18 na jimlar nauyi. Kilo 18 shi ne na lallaɓawa, kilo 11 na jirgi mai zafi. Misali jirgin faiba mai mita 5.5: jirgi kilo 250, inji 75, tanki biyu na lita 25 wajen 45, mutum huɗu 300, anga da rigunan ruwa da sauran tarkace 50. Jimla 720. Raba da 18, ka sami 40. Ke nan doki 40 zai ɗaga shi da mutum huɗu. Ƙara mutum biyu, nauyi ya koma 870, ana neman doki 48, kuma a nan ne za ka ga jirgi ya ɗaga goshi yana ta gurnani ya kasa kwantawa. Wannan tsaka-tsakin, bai hau ba bai kuma sauka ba, shi ne inda inji ya fi shan mai, ya fi kuma wahala.

Akwai abin da masu sayo inji daga Legas ko Fatakwal ke mantawa. Dokin da aka rubuta a jikin inji na bakin teku ne. Kaduna tana sama da teku da wajen mita 600, kuma inji na rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 saboda iska ta yi sauƙi. Doki 40 a nan 37 ne zuwa 38. Zafin Maris da Afrilu yana ƙara rage wani abu. Idan lissafinka ya faɗo a kan iyaka, ka san a ƙasan iyaka kake.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Jirgin kamfani yana zuwa da ɗan faranti a ciki, kusa da baya, mai nuna mafi girman dokin da zai ɗauka da yawan mutane. Ba a wuce shi, kuma inji mai kashi 70 zuwa 100 na wannan adadi shi ne daidai. Jiragen da ake ƙerawa a gida ba su da farantin. A nan ana iya aron lissafin da hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta gindaya wa jirage 'yan ƙasa da ƙafa 20. Ninka tsawon jirgi da faɗin allon baya, duka a ƙafa. In sakamakon ya haura 52, kuma da hannun inji ake tuƙi ba da sitiyari ba, ninka shi da 0.8 ka cire 25. In cikin jirgin shimfiɗe yake sarai mai kusurwa a gefe, ninka da 0.5 ka cire 15. Jirgin misalinmu ƙafa 18 ne, faɗin baya ƙafa 5, wato 90. Lissafin farko ya ba da 47, a cike shi 50. Na biyu ya ba da 30. Ka ga ke nan maganin mutum shida a wannan jirgi ba doki 60 ba ne. Ko a rage mutane, ko a haƙura da hawa kan ruwa a tafi a hankali. Lissafin nan bai shafi siririn kwale-kwale ba, wanda saurin kifewarsa ya sa iyakarsa ta fi haka ƙasa.

Nauyin injin ma abin dubawa ne. Yamaha Enduro mai doki 15 yana wajen kilo 37, mai 25 ya haura 50, mai 40 ya haura 70. Kafin ka biya kuɗi, sa buhun yashi mai wannan nauyi a gindin allon baya, ka zauna inda matuƙi ke zama, wani ya duba nawa ya rage tsakanin ruwa da bakin allo. In bai kai tafin hannu biyu ba, injin ya yi wa jirgin nauyi. Soka sukudireba a katakon allon ta ciki da ta ƙasa. Inda ya shige da sauƙi ya ruɓe, sai an sake shi. Daga doki 25 zuwa sama kada a dogara da maƙalai biyu na hannu da ke riƙe inji a allo kaɗai, a huda allo a ɗaure da noti, a kuma sa sarƙa ko igiya mai ƙarfi tsakanin inji da jirgi.

Tsawon ƙafar inji

Wannan mataki gajere ne, amma kuskurensa ba ya gyaruwa da canjin farfela. Auna allon baya a tsakiya, daga inda inji zai zauna zuwa ƙasan cikin jirgi. Inci 15, wato santimita 38, na gajeriyar ƙafa ne. Inci 20, santimita 51, na doguwa. Inci 25, santimita 64, na mafi tsawo. A lambar samfurin inji za ka ga harafin S ko L ko X yana nuna haka.

Bayan an ɗora, kalli farantin da ke saman farfela. Ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka da abin da bai wuce santimita 2.5 ba. Ɗora miƙaƙƙen katako a ƙasan jirgin ya leƙo baya, nan take za ka gani. In ya yi sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska, famfon ruwan sanyaya inji ma yana iya rasa ruwa. In ya yi ƙasa da yawa, ƙafar na jan ruwa, gudu ya ragu, kuma ita ce za ta fara gaisawa da duwatsun da ke kwance a kogin Kaduna idan ruwa ya janye da rani. Ga kwale-kwale mai ratsa ruwa ba laifi farantin ya ƙara nutsewa kaɗan, domin idan fasinja suka taru a gaba bayansa na ɗagawa.

Mai gauraye ko mai baƙin mai daban

Injin da ake gauraya masa fetur da mai ya fi sauƙin nauyi, ya fi sauƙin gyara, kuma kayansa sun fi samuwa a garuruwan bakin ruwa irin su Yawuri da Lakwaja. Illarsa shan mai. A cikakken totur yana shan wajen rabin lita ga kowane doki a awa, wato mai 15 lita 7 da ɗoriya, mai 40 wajen lita 20. Wanda ake zuba wa baƙin mai daban, irin na mota, yana shan wajen kashi ɗaya cikin uku na lita ga kowane doki, ba hayaƙi, ba ƙara sosai, kuma a tafiyar sannu ragin ya fi haka yawa. Amma ya fi nauyi, ya fi tsada, ana canja masa mai bayan awa 20 na farko sannan duk awa 100, kuma ƙananan kafofin kafiretonsa ba sa jure gurɓataccen fetur. Mai jirgin shan iska da ke fita ƙarshen mako ya fi jin daɗin na biyun. Wanda ke aiki kullum nesa da makaniken da ya san shi, na farkon ya fi masa kwanciyar hankali.

In na gauraye ka ɗauka, yawancinsu kashi 50 na fetur ne ga kashi 1 na mai, wato rabin lita a tankin lita 25, sannan a ninka man a awa 10 na farkon sabon inji. Duba littafin naka ka tabbatar. A nemi mai mai alamar TC-W3. Man babur an yi shi ne don inji mai sanyaya da iska, yana barin dauɗa a fulogi da zoben fistin.

Mai sayen na hannu ya lura da abu ɗaya musamman. Yamaha mai doki 9.9 da mai 15 na gauraye jikinsu ɗaya ne, girman silinda ɗaya, don haka sitika a murfi ba shaida ba ce. Karanta farantin lamba da ke jikin maƙalin inji. A tayar da shi a cikin duro cike da ruwa, kada a kuskura a tayar a busasshe, domin robar famfon ruwa na ƙonewa kafin minti guda. A ga yana fitar da siririn ruwan sanyaya inji ta baya da ƙarfi. A auna matsin kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A kwance notin man giya na ƙasa, in man ya fito fari kamar madara ruwa na shiga.

Lambobin jikin farfela

A jikin kowace farfela, a gefen cibiyarta ko a bakinta, akwai lamba biyu, misali 11 1/8 x 13. Ta farko faɗinta ce a inci, daga ƙarshen ganye zuwa ɗaya gefen da'irar da take zagayawa. Ta biyu takunta ne, wato incin da za ta ci gaba a juyi ɗaya in da ruwa ba ya zamewa. Faɗi ba ka da zaɓi sosai a kansa, girman giyar inji da tazarar farantin sama sun riga sun ƙayyade shi. Taku shi ne abin da kake zaɓa.

Taku kamar giyar mota yake, sai dai jirgi giya ɗaya gare shi, da ita zai tashi da ita zai yi gudu. Ƙaramin taku yana ba da ƙarfin ja, inji ya juya da sauƙi, gudu ya ragu. Babban taku yana ba da gudu in jirgi ba nauyi, amma yana danne inji in akwai lodi. Farfelar da ke zuwa da sabon inji ta tsaka-tsaki ce, an zaɓe ta ne don jirgi mara nauyi a bakin teku. A kan jirgin lodi a Kaduna sau da yawa takunta ya yi yawa.

Kafin ka yi odar wata, ƙirga haƙoran sandar da take shiga. A injinan Yamaha, 9.9 da 15 haƙora 8 ne, 25 da 30 haƙora 10, 40 zuwa 60 yawanci 13. Harafin da ke bin lambar, J ko F ko G, yana nuna rukunin giyar da ta dace da shi. Farfelar Suzuki ko Tohatsu ko Mercury ba lalle ta shiga Yamaha ba ko da dokinsu ɗaya. Ƙananan injina da wasu tsofaffi kuma ba haƙora gare su ba, ɗan fil ne ke ratsa sandar, wanda aka yi shi don ya karye in farfela ta bugi dutse. Kada a maye gurbinsa da ƙusa. Ƙusa ba ta karyewa, giya ce za ta karye a madadinta.

Gwajin da ke raba gardama

Kowane inji yana da iyakar juyi a minti da kamfani ya ce ya kai idan an buɗe totur duka. Na gauraye irin Enduro 4500 ne zuwa 5500. Yawancin ƙananan masu baƙin mai daban 5000 zuwa 6000. Farfelar da ta dace ita ce wadda ta bar inji ya faɗo cikin wannan iyaka, zai fi kyau a rabinta na sama, da lodin da aka saba ɗauka. Kunne ba ya auna wannan, ko na tsohon makanike. Ana sayen ɗan agogon juyi mai batir a ciki, wanda ake naɗa wayarsa sau huɗu ko biyar a wayar fulogi. A saita shi daidai da irin injin, domin na gauraye yana ba da wuta a kowane juyi, kuma kuskuren saiti zai nuna maka rabi ko ninki.

1. Kankare gansakuka da laka daga cikin jirgi, kwashe ruwan da ke ciki, sa sabon fetur da fulogi masu kyau. Buɗe murfi ka tabbatar totur na buɗe kafireto har ƙarshe.
2. Duba farfelar da ke kai. In ganye ya lanƙwashe ko ya gutsure, gwajin ba zai gaya maka gaskiya ba.
3. Loda jirgi yadda ka saba. In ba mutane, jarkoki cike da ruwa sun wadatar, kowace mai lita 25 kilo 25 ce. Raba su yadda fasinja ke zama.
4. Saita fil ɗin jingina inji yadda farantin saman farfela zai kwanta daidai da ƙasan jirgi. Rami na biyu daga allo wuri ne mai kyau na farawa.
5. Sa rigar ruwa, ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannu. Nemi wuri mai zurfi, miƙaƙƙe, ba kalli, wato ragar masunta, ba masu wanka.
6. Bari inji ya ɗumama minti biyar, sannan ka ƙara wuta a hankali har ƙarshe. Riƙe sakan 30, rubuta juyi, rubuta gudun da GPS na wayarka ya nuna.
7. Juyo ka maimaita ta ɗaya ɓangaren, ka ɗauki tsakiyar gudun biyu don cire tasirin iska da gudun kogi.

Sabon inji ba a yi masa wannan gwaji sai ya gama awa 10 ɗinsa na farko.

To, ga fassarar abin da ka rubuta. Juyi ya gaza iyaka, taku ya yi yawa, a rage. Juyi ya zarce iyaka, taku ya yi kaɗan, a ƙara. Inci ɗaya na taku yana canja juyi da wajen 150 zuwa 200. A ce doki 40 da taku 13 ya tsaya a 4400, kana son 5000. Bambanci 600 ne, lissafi ya ce inci 3. Amma fara gwada 11 tukuna, domin a ƙananan farfeloli inci ɗaya na yin tasiri fiye da haka, ga shi kuma da zarar jirgi ya samu ya hau kan ruwa sosai, juyi na ƙaruwa da kansa. A injin doki 15, sauka daga taku 10 zuwa 9 rage kashi ɗaya cikin goma ne, yana iya ƙara 300 ko fiye.

Mutane sun fi tsoron inji mai kuka da yawa, alhali wanda aka danne shi ne ke mutuwa a ɓoye. Injin da totur ke buɗe amma ya kasa kai juyinsa yana zafi a kan fistin, yana tara baƙin toka a zobe, yana dukan kansa, ƙarshenta fistin ya huje ko zobe ya maƙale. Alamarsa jirgi ya yi jinkirin tashi, hayaƙi ya yi yawa, fulogi su yi baƙi. Idan ka rasa wacce za ka ɗauka tsakanin biyu, ɗauki mai ƙaramin taku, ka riƙa sassauta totur ranar da jirgi ba kaya. Wanda lodinsa ke bambanta sosai, yau mutum biyu gobe takwas, ya ajiye farfela biyu.

Akwai lissafi ɗaya da ke nuna ko farfela na kama ruwa. Raba juyi da rabon giyar inji, ninka da taku, ninka da 0.001524. Rabon giya yana cikin littafi: Enduro 40 samfurin E40X 2.00 ne, mai 15 kuma 2.08. Juyi 5200, giya 2.00, taku 11 ya ba da kilomita 43.6 a awa. In GPS ya nuna 37, zamewa kashi 15 ne cikin 100, lafiya lau. Ga mai hawa kan ruwa 10 zuwa 20 daidai ne. Ya haura 25, akwai matsala: ko ganye sun cinye, ko inji ya yi sama, ko robar cibiya na zamewa, ko jirgin bai gama hawa ba. Mai ratsa ruwa da lodi yakan kai 30 zuwa 50, wannan ba abin damuwa ba ne, sai dai yana nuna cewa abin da yake so farfela ce mai faɗi, mai manyan ganye, mai ƙaramin taku.

Idan inji ya yi kuka jirgi bai tafi ba

Abu uku ke kawo shi, kuma ana rikita su. Na farko shaƙar iska: yana faruwa a kwana ko a igiyar ruwa, juyi ya tashi farat ɗaya, ka sassauta totur ya dawo daidai. Maganinsa a sauke inji, ko a matso da fil ɗin jingina rami ɗaya wajen allo, ko a mayar da wani nauyi baya. Na biyu ciyawa, kainuwa ko leda sun naɗe ganye, kuma ledar tana iya toshe kafar shan ruwa inji ya yi zafi. Tsaya, sa giyar baya na ɗan lokaci, in bai saki ba kashe inji ka ɗaga ka cire da hannu. Na uku robar cibiya. Tsakanin ganye da haƙoran farfela akwai roba da aka matse don ta sha duka in an bugi abu. Da ta taɓa sakewa, jirgi zai tafi a ƙaramar wuta amma ya zame da an ƙara. Ja layi da fenti daga noti zuwa jikin farfela, yi 'yar tafiya da wuta, ka duba. In layin ya rabu, robar ta tafi, da sannu za ka lallaɓa zuwa gaɓa.

Wani abu daban shi ne ƙananan ramuka da ke fitowa a bayan ganye kamar an tsattsaga shi da allura. Kumfa ce ke fashewa a jikin ƙarfen, kuma gutsurarren bakin ganye ne ke haddasa ta. Ƙaramin gutsure ana goge shi da zarto mai laushi. Ganyen da ya karye kuwa, ko da masu walda a kasuwar Panteka ta Kaduna za su iya liƙa shi, in nauyin ganyen bai zo daidai da na sauran ba farfela za ta riƙa rawa, rawar ta ci robar da ke tare man giya da boris ɗin sanda. Sabuwar farfelar alminiyam ta fi gyaran giya araha nesa ba kusa ba.

Wannan ne ma dalilin da ya sa a ruwanmu alminiyam ta fi. Farfelar ƙarfen da ba ya tsatsa tana da siraran ganye masu ƙarfi, tana ƙara ɗan gudu, tana jure yashi, amma in ta bugi dutse ba ta lanƙwasawa, sai dukan ya wuce zuwa sanda da giya. A tafki mai zurfi da ka san hanyarsa tana da amfani. A kogi mai dutse da kututture, bar alminiyam ta mutu a madadin giya. Ganye uku ya wadatar ga kusan kowa. Mai huɗu ya fi kama ruwa da lodi, yana rage juyi kaɗan, don haka in za ka koma kansa rage taku da inci ɗaya.

Cirewa da ɗaurawa

Sa giya a furi, zare igiyar kashe inji, cire hulunan fulogi. Cusa guntun katako tsakanin ganye da farantin sama don kada ta juya, kada ka riƙe da hannu. Miƙar da fil ɗin da ke kulle noti ka zare, kwance noti, sannan ka jera abin da ya fito bi da bi a kan tsumma: noti, washa, zoben tazara, farfela, sai kaurin washar da ke can ciki. Wannan ta cikin ita ke karɓar turin farfela. In aka manta da ita, ko aka juya ta baibai, farfela za ta ci jikin giya a fitar farko.

Duba bayanta da kyau. Zaren kalli da na ƙugiya suna naɗewa a nan inda ido ba ya gani, zafi ya narkar da su, su yanka robar da ke tare mai, ruwa ya shiga giya. A inda masunta ke aiki, irin Kangimi da Shiroro, a riƙa cire farfela ana dubawa duk wata. Juya sandar da hannu kana kallon bakinta, in tana layi ta lanƙwashe. Shafa giris mai jure ruwa a haƙora, mayar da komai yadda ya fito, ɗaure noti gwargwadon abin da littafi ya ce. In ramin fil bai zo daidai ba, ƙara ɗaurewa kaɗan har ya zo, ba a sassautawa. Sa sabon fil, ka buɗe ƙafafunsa biyu.

A cikin jirgi a ajiye farfela ta biyu da notinta da washarta da fil biyu ko uku, da sifanar da ta dace, da filaya, da fulogi, da filafili. In dole ta sa za ka canja farfela a kan ruwa, tura jirgi zuwa inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, ka shimfiɗa riga ko buhu a ƙarƙashin giyar kafin ka taɓa noti, domin washar da ta faɗa ruwan damina mai laka ba a sake ganinta.